Kwana Goma a Kwatano, An Dawo Ana Yi wa Kasuwarmu Kallon Raini



Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana Agege a 'yan shekarun nan. Kowa yana ganinta, ana gulmarta a rumfuna da bakin masallaci, amma ba wanda ya fito ya faɗe ta a fili. To ni zan faɗa, wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri.

Mutum zai tafi Kwatano ko Lome sarin atamfa, ko Abijan, ko kuma Allah ya ɗaga shi ya taka Faris ɗin kanta. Ya yi kwana goma, in ya daɗe sati uku, ya dawo. Mu je mu yi masa barka da zuwa, mu ci tsaraba. Daga nan sai bakinsa ya canza. Burodin Agege da ya girma da shi ya koma "kamar katifa". Man shanun Fulani wari yake masa. Sai ka gan shi ya shigo kasuwa yana bi rumfa-rumfa, yana tambayar dogon burodin nan da suke kira baget, da cukun Faransa, da moutarde, da wasu sunaye da shi kansa sai ya yi tuntuɓe sau biyu kafin ya furta. In aka ce babu, sai ya taɓe baki ya ce, "Ai dama na sani, ƙasar nan ba a san abinci ba." Ya tare mota ya nufi manyan kantunan Ikeja ko Victoria Island. Ba maza kaɗai ba. Hajiyoyinmu masu zuwa sari sun fi mazan ma iya taɓe bakin.

Kada wani ya je ya ce liman ya haramta baget. Ban haramta ba, ba ni da ikon haramtawa. Gari ne da ruwa da gishiri da yis, kuma in an fito da shi da zafinsa, wallahi yana da daɗi da shayi. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da ke zaune cikinmu da shi suka tashi, shi ne burodin garinsu, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi wa mai tallan burodin Agege gatse ba. Su ne ma masu shayin da ke yanka mana shi safe da dare. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kakanninmu ma da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun dawo da abubuwan da ba a san su a gida ba. Sha'awar abin da ka ɗanɗana a wani wuri ba laifi ba ce. Rainin da ake haɗa ta da shi, da sakacin da ke biyo bayanta, su suka sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da abin da ya fi damuna, domin shi ne za a tambaye mu a kansa. Alhaji, kwalbar nan da ka ɗauko a kanti, ko aka ɗauko maka daga Dantokpa, me aka rubuta a bayanta? Ka karanta? Yawancinmu allo muka yi da Islamiyya, wasu sun taɓa boko da Ingilishi. Faransanci ba mu ji. Amma za ka ga mutumin da ba zai sayi nama a hannun mahaucin da bai san sallarsa ba, mutumin da zai yi rigima a kan wanda ya yanka ragon suna, ya buɗe gwangwanin da ba ya iya karanta ko harafi ɗaya na jikinsa ya shafa wa 'ya'yansa a burodi. Saboda me? Saboda gwangwanin yana da kyau, kuma ya zo daga waje.

Faransawa mutane ne masu cin alade ƙwarai, ba su kuma ɓoye ba, a jiki suke rubutawa. Porc shi ne alade. Jambon cinyarsa ce da aka sarrafa. Lardons 'yan gutsattsarin namansa ne da kitse. Saindoux narkakken kitsensa ne. Niƙaƙƙen naman nan da ake shafawa a burodi, pâté, mafi yawansa a can da hanta da kitsen alade ake yinsa, har wanda aka zana agwagwa a jikinsa ana samun alade a ciki in ka bi jerin kayan haɗin. Haka saucisson. Haramcin alade kuwa ba abin da malamai biyu suka yi saɓani a kai ba ne, yana nan a Baƙara, yana nan a Ma'ida, yaron da ya yi nisa kaɗan a Islamiyya ya sani.

Sai kuma na ɓoye. Alewar nan mai laushi kamar roba da ake kawo wa yara tsaraba, da wasu kayan zaƙi na firiji, ana sa musu wani abu da ake kira gélatine, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma a Turai mai yawa daga cikinsa na alade ne. Gaskiya ne malamai sun tattauna a kan abin da ya rikiɗe ya fita daga asalinsa, ko hukuncinsa yana canzawa ko a'a. Wasu sun sassauta, wasu sun tsananta. Amma wannan magana ce ta wanda ya san akwai abin a ciki, ya tambaya, ya bi fatawa. Wanda bai ma san akwai tambaya ba, wace fatawa ya bi? Moutarde ɗin da ake ta nema ma iri-iri ce. Akwai wadda aka haɗa da vinaigre, wato khal, giyar da ta juye ta zama tsami, wannan a wurin malamanmu ba matsala. Akwai kuma wadda aka rubuta vin blanc a jiki, farar giya ce aka zuba. Cakulan da kek ma ana samun masu rhum ko liqueur. Duk a rubuce suke. Bature bai yaudare ka ba. Kai ne ba ka tambaya ba, don kana jin kunyar a ce wanda ya je Faris bai iya karanta kwalba ba.

Na san amsar da za a ba ni: ai abincin Ahlul Kitabi halal ne. To, alade bai shiga ciki ba, giya ba ta shiga ba. Sauran kuma magana ce mai tsawo da ke da sharuɗɗa, ba a yanke ta a tsaye a gaban kanta da kwandon saye a hannu.

Wannan ya kai ni ga kajin nan da talotalo na ƙanƙara. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da su tun shekaru da yawa, kowa ya sani, kwastan suna kamawa suna binnewa. Jamhuriyar Benin kuwa ta shafe shekaru tana shigo da su ta tashar jirgin ruwan Kwatano daga Turai da Barazil, fiye da abin da mutanenta za su iya ci, sauran ta daji da ta ruwa suke biyowa su shigo mana. Ka yi tunanin kazar da aka yanka a wata ƙasa, ba ka san wa ya yanka ba, ba ka san ko an yanka ɗin ba ko inji ne ya gama da ita. Ta yi makonni a teku. An cusa ta a bayan mota cikin zafin hanyar Seme da Badagry, ta narke, an sake daskarar da ita, an ɗauke wuta ta sake narkewa. Ita ce wai abincin 'yan gayu. Alhali ga mayankar Oko-Oba nan a bayan gidanmu, mahautanmu ne a ciki, ka san su, ka san iyayensu. Ga masu kaji nan, ka nuna wadda kake so da yatsa a yanka a gabanka da bisimilla.

Cuku da man shanu ma haka. Abin da aka yi shi don ƙasar sanyi da firijin da ba ya mutuwa, ka kawo shi unguwar da wuta ke zuwa kamar baƙo. Kuma kwanan watan da ke jiki iri biyu ne a wurinsu. In an rubuta à consommer jusqu'au, to ranar ta wuce ke nan a zubar, cinsa haɗari ne. In an rubuta de préférence avant, bayan ranar ingancinsa ne ke raguwa. Mutum nawa cikin masu yawon neman kayan Faransa suka san wannan bambanci? Mutum nawa ke duba ko akwai lambar NAFDAC, ko kuwa an goge tsohon kwanan wata an buga sabo?

Yanzu maganar kuɗi, kuma nan ne raina ya fi ɓaci, domin ni ɗan kasuwa ne, littafin bashi na san nauyinsa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 kowa ya ga inda ta nufa. Ma'ana duk abin da aka sayo da sefa ko Yuro, farashinsa a hannunmu ya yi tsalle. Amma masu wannan ɗabi'a ba su fasa ba. Sun dai sami inda za su rage: a jikinmu.

Ga yadda abin yake. Mutum zai shiga kanti mai sanyi, ya ga farashi a manne, ya ciro kati ya biya, ko tari bai yi ba. Ba ya cewa a rage. Ba ya cewa "alhamdu lillahi, sallama". Ba ya cewa a rubuta sai ƙarshen wata, don ya san yarinyar da ke kan na'ura dariya za ta yi masa. Washegari shi ne a gaban mai albasa, bawan Allah da ya tashi tun kafin asuba ya je Mile 12 ya yi dako ya turo baro, yana ja-in-ja da shi a kan naira ɗari, har da rantsuwa. Ya gama, ya ce a ƙara masa gyara. Ya wuce rumfar mai shinkafa da mai ya ce a rubuta. A rubuta ɗin kuma wata uku, wata biyar. In ka aika yaro ya tuna masa, ya ce ka ci masa mutunci.

Haba jama'a. Tsabar kuɗinka na kanti ne, bashinka na maƙwabci? Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, wannan ko ba liman ba ya sani. Kuɗin cukun nan da ke cikin firijinka, in aka bi diddigi, jarin wani ne da ke zaune a rumfa yana lissafin yadda zai biya dillalinsa na Kano. Kuma ranar da aka yi maka haihuwa, ko gobara, ko rasuwa, wa ke zuwa? Ranar da aka ce a haɗa kuɗin rufin masallaci ko albashin malaman Islamiyya, wa ake bi rumfa-rumfa a karɓa a hannunsa? Mai kantin Victoria Island bai san sunanka ba, ba zai ɗauki makararka ba.

Abin dariyar ma, waɗanda suka je Faransar ba su kalli abin da ya kamata su kalla ba. Ku tambayi duk wanda ya zauna can da gaske, ba mai kwana goma ba. Bafaranshe da kasuwar unguwarsu yake alfahari. Akwai ranakun da ake kafa rumfuna a dandali, manomi ya kawo abin gonarsa, mai cuku ya kawo nasa, mata su fito da kwanduna suna taɓawa suna shinshinawa, kamar dai yadda matanmu ke yi. Burodinsa a gidan burodin layinsu yake saye kullum, domin baget ba ya kwana, in ya wuni ya bushe ya zama sanda. A 1993 har doka suka yi a kan burodinsu na gargajiya, suka ƙayyade abin da za a sa a ciki, suka hana a daskarar da shi. A 2022 hukumar UNESCO ta sa sana'ar yinsa cikin kayan gadon duniya. Cukunsu na Roquefort tun 1925 doka ta kare sunansa: sai da nonon tumaki, sai kuma an ajiye shi ya nuna a kogunan garin nan, in ba haka ba ba ka isa ka kira shi da sunan ba. Mutanen da suka riƙe abin garinsu haka, kai ka je ka gan su, abin da ka koyo shi ne ka raina na garinku. Ka ɗauko kwalbar ka baro halin.

In kuwa girkin nasu kake sha'awa, mafi yawan kayansa suna nan a Mile 12 kullum safiya. Dankalin turawa, karas, kabeji, latas, koren wake, daga Jos ake sauke su. Tumatir da tattasai daga Kano da Kaduna da Katsina. Albasa daga Aliero da Sakkwato. Albasar da masu jin Faransanci ke kira Violet de Galmi, Galmi ɗin gari ne na Hausawa a jihar Tawa. Cuku kuma, wanda ya shiga Dantokpa bai ga wagashi ba, cukun Fulani mai jan baya? Shi ne ɗan uwan warar da ake tallanta a nan, da ruwan tumfafiya ake daskarar da nonon. A Kwatano ka ci ka yaba, a nan ka ga irinsa a tire ka kau da kai. Shi kuwa La Vache qui rit, mai hoton jar saniya tana dariya, da ake jerawa a faranti a gaban baƙi, a can narkakken cuku ne da aka fi ba yara. Ƙwayar da ake yin moutarde ɗin Dijon da ita, mafi yawanta daga Kanada ake kai musu, shi ya sa da fari ya taɓa Kanada suka yi ƙarancinta a 2022. Ƙaron da ake sa wa cikin alewa da lemon kwalba, daga Sudan da Chadi da arewacin Najeriya yake fita, Faransa na kan gaba wajen sayensa. Mu sayar musu a buhu, su mayar mana a takarda mai ƙyalli, mu biya ninki, mu kuma yi wa juna yanga da shi.

Wani zai ce, to Malam, burodin Agegen naka ai da alkamar waje ake yinsa, dunƙulen miyar da kake sayarwa ma asalinsa ba namu ba ne. Haka ne. Ban ce mu rufe ƙofa mu koma cin tuwo da kuka kaɗai ba. Amma burodin nan a nan ake kwaɓa shi, a nan ake gasawa, maƙwabtanmu Yarabawa ke dakonsa a ka, mai shayinmu ke cin abinci da shi. Kuɗin yana zagayawa a layin nan kafin ya fita. Kuma duk wanda ya matsu da baget, ai gari da ruwa ne. A samu mai gidan burodi a yi magana da shi, cikin yaran Nijar da na Benin da ke garin nan ba a rasa wanda ya iya. In masu so sun kai a kunna murhu dominsu, za a yi. Wannan ita ce hanyar ɗan kasuwa. Taɓe baki ba ya gasa burodi.

Mu ma 'yan kasuwa ba zan bar mu ba, don kada a ce na kare ɓangarena. Wasu daga cikin masu gudu zuwa kanti, mu muka kore su. Mudun da aka bubbuge gindinsa. Tumatir mai kyau a sama, ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Waken da aka zuba wa maganin ƙwari fiye da kima. Ayabar da aka nunar da sinadari. Kwatar da ke bin gaban rumfa ba mai sharewa, kowa na jiran wani. Mafi muni, wasunmu da suka ga ana neman kayan Faransa sai suka fara karɓar ragowar kwantena, gwangwanayen da suka kumbura, kayan da kwanansu ya ƙare, suna jerawa a gaba suna cewa "ɗan Kwatano ne". Ɗan uwa, kai ma ba ka iya karanta abin da kake sayarwa ba. In akwai alade a ciki, ka ci kuɗinsa, ka kuma ciyar da Musulmi. In yaro ya kwanta asibiti, da hannunka a ciki. Tauye mudu sura guda aka saukar a kansa. Kada son ribar kwana biyu ya sa mu zubar da abin da ya sa ake zuwa wurinmu, wato a ce kayan Bahaushe in ya ce mai kyau ne to mai kyau ne.

Kuma ku tuna mu baƙi ne a ƙasar nan, duk da cewa wasunmu a nan aka binne kakanninsu. Sama da shekara ɗari ke nan da goro da jirgin ƙasa suka zaunar da Hausawa a Agege. Abin da ya ba mu wurin zama da bakin magana a gaban masu gari shi ne kasuwa: mu ke kawo shanu, mu ke kawo albasa da tumatir. Wanda ya ga rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwar, ya san yadda gidaje suka shiga. Wanda ya ga na Shasha a Badun a watan Fabrairu 2021, da yadda masu kawo abinci daga arewa suka tsayar da motoci na 'yan kwanaki bayan nan, ya ga yadda farashin tumatir ya tashi a Legas. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kayan Kwatano suka yi wuya, wa ya mutu don rashin moutarde? Kasuwar nan da ake raina wa ita ta riƙe kowa. To in 'ya'yanmu suka tashi suna jin uba na cewa kasuwa wurin ƙazanta ce, abincin kirki sai a kanti, wa zai gaji rumfa? Yaron da ya ji haka a bakin babansa ba zai zauna a bayan buhun albasa ba, kuma kantin ba zai ɗauke shi aiki don ya iya cin cuku ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma na riga na yi magana da wasu dattawan masallaci sun amince. Za mu rubuta kalmomin nan da na ambata, da fassararsu da boko da ajami, mu manna a allon sanarwa na ƙofar masallaci, mata kuma a kai musu kwafi a Islamiyyar dare. Duk ɗan kasuwar da ke da kayan da rubutunsu Faransanci ne, kada ya jera sai an karanta masa. Duk wanda ke da gwangwani ko kwalba ko alewar tsaraba a gida da bai san abin da ke ciki ba, ya kawo ranar Asabar bayan La'asar. Akwai samari biyu 'yan Maraɗi da suka yi lakwal, sun yarda za su zauna su karanta wa mutane kyauta, ba kuma za a ambaci sunan kowa ba. Wanda kunya ta hana shi zuwa ya aiko yaro da shi a leda. Masu bashi a rumfuna kuma, ba sai Asabar ba, ana buɗewa tun ƙarfe bakwai.